Halin Doki da Zaman Sirdi: Nazari a kan Dawakin Kafanchan da Kudancin Jihar Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki wasu halaye da mahaya da masu kula da barga suke kuka da su, kamar tutsu da turjiya da cizo lokacin ɗaura sirdi, ta auna su da abin da likitocin dabbobi suka gano game da ƙirar bayan doki da yadda yake nuna ciwo. Matsayin maƙalar shi ne, yawancin waɗannan halaye daga ciwo suke tasowa, kuma sirdin da bai zauna daidai ba yana sahun gaba cikin masu jawo ciwon. An gina bayanin a kan yanayin Kafanchan da kewayenta, inda doguwar damina da ƙudan tsando da ƙarancin hawa suke sa bayan doki ya riƙa canza siffa a cikin shekara, alhali sirdin da ake ɗora masa guda ɗaya ne.

1.0 Gabatarwa



A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wannan ya ƙara jawo idon duniya kan abin da muka daɗe muna gani tun daga babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da wanda aka yi a Kadunar dai lokacin FESTAC a 1977. Sai dai idon ɗan kallo a kan alkyabba da rawani da jalala yake tsayawa. Abin da ke ƙarƙashin jalala, wato fatar bayan doki da tsokarsa, ba mai ganinsa sai yaron barga, shi ma sai da yamma bayan an sauke kaya. Nan ne wannan maƙala ta nufa.

Idan doki ya ƙi tsayawa a ɗaura masa sirdi, ko ya kwantar da kunne ya kai cizo ana jan majayi, ko ya tashi da tutsu da zarar an zauna masa, hukuncin da aka saba yankewa ɗaya ne: dokin mugu ne, ko ya ƙoshi da yawa, ko ya raina mai shi. Maganin da ke biyo baya shi ma sananne ne, a ƙara masa linzami mai zafi, a sa ƙaimi, a sa bulala. Abin da nake so in nuna shi ne kafin a tuhumi halin doki, akwai buƙatar a cire sirdin a duba bayansa.

2.0 Doki a wannan ƙasa

Kudancin Kaduna ba ƙasar kiwon doki ba ce kamar Katsina ko Borno ko Azbin, amma ta san doki ta hanyoyi biyu mabambanta.

Hanya ta farko ita ce ta masarautu. Masarautar Jama'a ta kafu ne wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, kuma ta zo da al'adar doki irin ta Arewa: ingarma, da sirdi mai kwacciya gaba da baya, da likkafa, da linzami mai zobe. Wannan al'ada tsohuwa ce. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, da cewa shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Masanin tarihi Robin Law, a littafin da ya wallafa a 1980 kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa shigowar manyan dawaki tare da sirdi da likkafa ita ce ta sauya fasalin yaƙi a wannan yanki. A nan kudu kuwa doki ya gamu da abubuwa biyu da suka taka masa burki: duwatsu irin na Kagoro da ba ya iya hawa, da ƙudan tsando da ke cikin kurmi da bakin rafuka. Bayan jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, fadar Jama'a ta komo garin a 1933, dawakinta suka biyo ta.

Hanya ta biyu ba a cika ambatonta ba. Mutanen kan tudun Jos da gefensa, kamar Aten na Ganawuri da ke maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Kaura, da Irigwe da Berom, suna da ƙananan dawaki, wato ƙuru, da suke hawa farauta da yaƙi ba sirdi, ba linzamin ƙarfe a baki. Law da kuma Roger Blench sun kawo rahotannin da ke cewa wasu daga cikin mahayan wannan yanki kan tsaga fatar bayan ƙuru domin mahayi ya manne, kada ya zame. Na kawo wannan ne ba don zargi ba; mutane ne da suka warware matsalar zama a kan doki da abin da ke hannunsu. Darasin da ke ciki shi ne matsalar guda ce ko da sirdi ko babu: yadda za a haɗa ƙugun mutum da bayan dabba. Kuma a duk lokacin da aka warware ta don jin daɗin mahayi kaɗai, bayan doki ne ke biyan kuɗin.

A yau dokin Kafanchan na hawan Sallah ne, da naɗin sarauta, da hawan angwanci, da kilisar samari da yamma. Yawancinsu daga Arewa ake sayo su, daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa ko daga bargar wani a Kano ko Zariya. Sirdi kuwa sau da yawa gado ne, ko aro, ko an saye shi ne don kyan aikin baduku. Da wuya ka ji an kai doki wurin mai sirdi an gwada.

3.0 Yadda doki yake, da yadda yake faɗin ciwonsa

Doki dabba ce da ake farauta, ba mai farauta ba. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa dawakin gida na yau sun samo asali ne daga filayen da ke tsakanin kogin Volga da na Don, a ƙasar Rasha ta yanzu, kimanin shekara 4,200 da suka wuce. Shekara dubu huɗu ba su goge halin daji ba. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da daidai bayansa da daidai goshinsa. Wanda ya zo masa ta baya shiru ya jefa masa sirdi, ya zo ne ta inda zaki yake zuwa. In an bar shi a sake, yakan kwashe awa 14 zuwa 16 a rana yana kiwo, yana tafiya a hankali cikin 'yan'uwansa. Tumbinsa ƙarami ne, kuma ba ya daina zubo ruwan tsami ko da abinci ko babu, shi ya sa dokin da ake bari da yunwa tsakanin safe da yamma yake saurin kamuwa da gyambon ciki. Wannan ma yakan sa ya ƙi jinin majayi.

A gwada wannan da rayuwar dokinmu: ingarma ne ba a dandaƙe ba, yana ɗaure a turke shi kaɗai, wani lokaci har da dabaibayi, ana zuba masa dusa da dawa da harawa sau biyu ko uku. Ba na cewa ba a ƙaunarsa. Mutum yakan hana kansa ya ciyar da dokinsa, kuma kowa a nan ya san irin wannan mutum. Amma tsayuwa wuri ɗaya tana cinye tsokar baya, kuma a kan wannan tsoka sirdi yake zama.

Abu na biyu shi ne yadda doki yake koyo. Masana irin su Paul McGreevy da Andrew McLean na Ostareliya sun yi bayani mai gamsarwa cewa doki yana koyo ne daga sassauci. An ja kamazuru, ya tsaya, an saki: sakin nan shi ne ya koya masa cewa tsayawa ce ake so. An matsa masa da ƙafa, ya taka, an sassauta. To, sirdin da ke soka masa kafaɗa ba ya sassautawa. Ya taka yana jin zafi, ya tsaya yana ji, ya juya yana ji. Dabbar da ta rasa amsar da za ta bayar a ƙyale ta, ɗayan biyu take yi. Ko dai ta yi faɗa, shi ne tutsu da miƙewa tsaye da harbi, ko kuma ta haƙura ta mutu a tsaye, ido a dushe, ba ta kula kowa. Na biyun nan ne muke yaba wa da cewa doki ne mai haƙuri, har a ɗora masa yara. A ganina ya fi na farkon ban tausayi, domin shi ba wanda zai duba shi.

Dabbar da ake farauta tana ɓoye ciwo, saboda gurgu ake fara kamawa. Duk da haka akwai alamu. A 2014 Emanuela Dalla Costa da abokan aikinta a Jami'ar Milan sun fitar da ma'aunin ciwo daga fuskar doki kawai, mai alamu 6: kunnuwa a sandare sun koma baya, ido a tsuke, fatar saman ido a ɗaure, tsokar muƙamuƙi ta fito, baki a matse, ƙofofin hanci a miƙe. A 2018 kuma likitar dawaki Sue Dyson ta Ingila da abokanta suka wallafa jerin halaye 24 da doki ke nunawa ana kansa idan yana jin ciwo a tsoka ko ƙashi. Daga cikinsu akwai kwantar da kunne na daƙiƙa 5 ko fiye, buɗe baki na daƙiƙa 10 ko fiye, fito da harshe, kaɗa wutsiya ba ƙuda, matse wutsiya ko karkatar da ita gefe, jijjiga kai, karkatar da kai, bayyanar farin ido, tuntuɓe, gaggawar taku, ƙin tafiya, tutsu da miƙewa tsaye. Sun gano cewa dokin da ya nuna 8 ko fiye daga cikin 24 ɗin, mafi rinjaye yana da ciwo, kuma da aka kashe zafin wurin da allura sai halayen suka ragu nan take. Wannan hujja ce mai ƙarfi, domin allura ba ta canza hali.

Abin lura a nan, wasu daga cikin waɗannan alamu su ne ɗan kallo yake yi wa guɗa ranar hawa. Doki ya ɗaga kai, baki a buɗe yana kumfa, yana rawa wuri ɗaya, sai a ce ya ji kiɗa. Akwai wanda aka hore shi da hakan, ban musa ba. Akwai kuma wanda linzami da sirdi suka haɗu suka sa shi tsakiya.

4.0 Bayan doki da aikin sirdi

Doki yana da gaɓoɓin ƙashin baya 18 a sashen ƙirji, kowace da haƙarƙarinta hagu da dama, sai gaɓoɓi 6 a ƙugu waɗanda ba su da haƙarƙari. Daga saman gaɓoɓin nan wasu tsinin ƙashi suke tasowa. Mafi tsayinsu su ne suka yi tudun nan da ke tsakanin kafaɗu, inda wuya ya haɗu da baya. Ba abin da ya rufe tsinin nan sai jijiya da fata. Hagu da dama da su kuma wata doguwar tsoka ce ta kwanta a kan haƙarƙari tun daga kafaɗa har ƙugu. Aikin wannan tsoka motsi ne, ba ɗaukar kaya ba, amma ita kaɗai ce wurin da za a iya ɗora nauyi ba a yi ɓarna ba.

Daga wannan ƙira aikin sirdi ya fito fili. Icen sirdi yana da alluna biyu da ke kwanciya a kan tsokar nan, da gantsarori biyu, gaba da baya, da suka haɗa su ta sama suka bar rami a tsakiya. Manufar ita ce a raba nauyin mahayi a kan fili mai faɗi, a kuma ɗauke shi daga kan ƙashin baya gaba ɗaya. Hilary Clayton da abokanta a Amurka sun auna hawan doki ba sirdi a 2013, suka ga nauyi yana taruwa ne a ƙananan wurare biyu, daidai ƙasusuwan mazaunin mahayi. Ke nan sirdi mai kyau rahama ne ga doki. A nan zan ce wani abu da wasu abokan aiki ba za su so ba: sirdinmu na gargajiya ba shi da laifi a ƙa'idarsa. Allunansa masu faɗi ne, kwacciyarsa tana riƙe mahayi wuri ɗaya, kuma a tsari ɗan'uwan sirdin sojan doki ne da aka yi don doguwar tafiya. Tsohon sirdin Turawa da aka sayo daga hannun 'yan folo na Kaduna, wanda aka ƙera don faffaɗan bayan dokin Ajantina, yana iya yi wa siririn dokinmu ɓarnar da ta fi ta kowane sirdin gargajiya. Tambayar ba wane iri ba ce. Tambayar ita ce wannan sirdin ya dace da wannan dokin a wannan watan?

Hanyoyin da sirdi ke saɓa wa baya ba su da yawa, kuma kowace tana da shaidarta. Idan ya yi faɗi, gabansa yakan faɗa ya zauna a kan tudun kafaɗa. Nan ne ake samun kumburi da miki mai wuyar warkewa, domin fata ce a kan ƙashi, wani lokaci har ya yi rami yana zubar da ruwa wata da watanni. Idan ya yi matsi, yakan tsaya sama, gefunan allunan su soki tsoka a bayan kafaɗa, nauyin mahayi kuma ya koma baya. Da daɗewa tsokar wurin takan shanye, a ga kwarmi hagu da dama, sai mai doki ya ce haka aka halicce shi. Idan allunan miƙaƙƙu ne bayan kuma ya lotsa, sirdi yakan taɓa gaba da baya ya bar tsakiya a sama, nauyi ya taru a kusurwoyi huɗu. Idan allunan sun fi bayan lanƙwasa, sai sirdi ya riƙa lilo, yana goga. Idan kuma ya yi tsawo ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, ya hau ƙugu, inda ba abin da ya tallafe shi ta ƙasa. Dokin da aka danne wa ƙugu shi ne sarkin tutsu, musamman in an nemi ya yi sukuwa.

Akwai kuma kuskuren ɗaurawa, wanda ba laifin mai sassaƙa ba ne. An saba tura sirdi gaba har ya hau allon kafaɗa. Allon nan ba a tsaye yake ba. Duk lokacin da doki ya miƙa ƙafar gaba, samansa yakan juya baya. In ya tarar da ice a wurin, doki sai ya gajarta taku, ya riƙa tuntuɓe, ya ƙi gangara. Wurin zaman ice shi ne yatsu biyu ko uku a bayan allon.

Me ke faruwa a cikin fata? Ƙananan hanyoyin jini suna toshewa da danniya kaɗan. In danniyar ta daɗe, fata da tsoka sun rasa jini, gumi ya daina fita a wurin. Shi ya sa bayan an sauke sirdi akan ga baya jiƙe da gumi amma wani ɗan wuri a bushe. Binciken da aka yi a Jami'ar Zurich, aka wallafa a 2010, ya auna danniyar sirdi da shimfiɗa mai na'ura, ya tabbatar cewa wuraren da ke bushewa da waɗanda ke yin miki su ne masu danniya mafi yawa. Bayan bushewa sai kumburi, sai zubewar gashi, sai miki. In ya warke, gashin da zai tsiro fari ne. Farin gashi a bayan akawali ko wani doki mai duhun jiki, daidai mazaunin sirdi, tarihin sirdin da ya taɓa ɗauka ne, kuma mai saye a kasuwa ya kamata ya iya karanta shi.

Maganin da aka fi yi wa duk wannan shi ne a ƙara shimfiɗa. Zubka da bargo suna da amfani kamar yadda gammo yake da amfani ga mai ɗaukar tulu, amma gammo ba ya gyara tulun da gindinsa ke da tsini. In sirdi ya yi faɗi kaɗan, shimfiɗa mai kauri tana iya cike gurbin na ɗan lokaci. In matsi ya yi, ƙarin shimfiɗa ƙarin matsi ne. Shimfiɗar ma in ta naɗe, ko gumi ya bushe a jikinta ta yi tauri, ko ƙaya da tsakuwa sun maƙale, ita kaɗai ta isa ta huda baya. Kuma dole a ɗaga ta ta shige cikin ramin sirdi, kada ta ɗaure a kan tudun kafaɗa.

Kada a ɗora wa sirdi laifin komai. Line Greve da Sue Dyson sun duba dawaki 506 da masu su ke ɗauka lafiyarsu ƙalau, suka wallafa a 2014 cewa kusan rabinsu suna da ɗingishi ko wata tangarɗa a taku, kuma zamewar sirdi gefe ɗaya tana da alaƙa ta kusa da ciwon ƙafar baya. Saboda haka in sirdi yana karkata hagu kullum ko wa ya hau, a duba ƙafafu da kofato. Haƙora masu kaifi da raunin linzami a baki su ma suna sa jijjiga kai.

5.0 Nauyi

Wannan batu ne mai nauyi ta kowace fuska, domin waɗanda suka fi hawa da kaya su ne manya. Binciken da Debra Powell da abokanta suka yi a Ohio a 2008 ya ɗora wa dawaki kashi 15 da 20 da 25 da 30 cikin ɗari na nauyin jikinsu. A kashi 25 da 30 bugun zuciya da ciwon tsoka suka ƙaru sosai. Ana iya ƙiyasta nauyin doki da tef ɗin tela: a auna zagayen ƙirji da santimita, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, a raba da 11,877. Dokin da ƙirjinsa ya kai 160, tsawonsa 150, zai ba da kilo 323 ko kusa da haka. Kashi 20 nasa bai kai kilo 65 ba. A matsayin misali kawai, a ɗauka mahayi kilo 75 ne, sirdi da likkafa da jalala da sauran ado kilo 20; an kai 95, kusan kashi 30 ke nan. A haka za a tsaya a rana ana jiran fitowar sarki, a yi zagaye, a rufe da sukuwa da zamiya a ƙofar fada. Ba wanda zai ce wa basarake ya sauka. Abin da za a iya shi ne a zaɓa masa doki mai ƙirar ɗaukarsa, a rage abin da za a iya ragewa a ƙarƙashin ado, a kuma ba shi abin takawa wajen hawa, domin hawa daga ƙasa yana fizgar sirdi gefe ɗaya da dukkan nauyin mutum.

6.0 Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a nan

Ruwan da ke sauka a Kafanchan a shekara yakan kai milimita 1,500 ko fiye, daga Afrilu zuwa Oktoba, wato ninki biyu ko fiye na abin da Katsina ke samu. Dokin da aka haifa a busasshiyar ƙasa, in an kawo shi nan, ya shigo ƙasar kaska da tsutsar ciki da tsando. Sammore tsohuwar matsala ce a wannan yanki, shi ya sa aka kafa cibiyar bincikensa a Kaduna da reshe a Vom tun zamanin Turawa. Ciwo ne mai ramar da dabba, kuma rama a baya take fara nunawa. Sirdin da ya zauna daram a watan da aka sayo doki yana iya komawa mai faɗi bayan wata uku na rashin lafiya, ya sauka a kan ƙashi. In doki ya murmure ya yi ƙiba da ɗanyar ciyawa, sai lamarin ya juye.

Danshi ma yana da nasa. Fatar da ta daɗe a jiƙe ba ta jure goga. Ƙwayar cutar da ke sa wa shanu kirci tana kama bayan doki da damina, ta yi ɓawo-ɓawo daidai inda sirdi zai zauna. Shimfiɗa ba ta bushewa, fatar majayi tana yin fumfuna ta yi tauri, ice yana shan danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsage ko ya murɗe. Ƙaramin miki kuma ƙofa ce: ƙuda yana ɗauko cutar nan mai sa ƙuraje su jeru a kan hanyoyin ruwan jiki, ga kuma tatanos, wanda doki yana cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da shi.

Sai batun lokaci. Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 Ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, lokacin da harawa ta yi tsada, dawaki suka fi rama, zafi kuma ya fi tsanani. Babbar Sallah ta zo a farkon Yuni, damina ta kankama. Bayan da aka hau a Maris ba shi ne aka hau a Yuni ba. A tsakani kuma ga hawan angwanci, inda doki ɗaya da sirdi ɗaya za su ɗauki samari daban-daban a yini guda, yawancinsu ba su iya zama ba, suna faɗawa a kan kwacciyar baya da kowane taku. Ƙungiyar masu ƙera sirdi ta Ingila tana ba da shawarar a riƙa duba zaman sirdi kamar sau biyu a shekara, a ƙasar da jikin doki ba ya hawa da sauka kamar namu.

7.0 Abin da za a iya yi da hannu da ido

Ba a buƙatar na'ura. A tsayar da doki a wuri mai daidai, a shafa bayansa da tafin hannu ana ɗan dannawa, a lura da inda ya lotsa ko ya kwantar da kunne. A ɗora sirdi tsirara, ba shimfiɗa, ba majayi. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin tudun kafaɗa da gantsarar gaba, kuma a sake gwadawa bayan mahayi ya zauna. A leƙa ta baya, a ga haske ta cikin ramin. A zura hannu ƙarƙashin allo daga gaba zuwa baya, a ji ko danniyar ɗaya ce. A lalubo haƙarƙari na ƙarshe a bi shi sama, a tabbata ice bai wuce shi ba. Majayi a ja shi kaɗan-kaɗan, ba fizga ɗaya ba. Bayan hawa a duba zanen gumi, a kuma sake shafa bayan washegari da safe, domin wani kumburin sai ya kwana yake fitowa. Dokin da ke da buɗaɗɗen miki ba a ɗaura masa sirdi, komai girman bikin.

Akwai kuma dabarar waya mai lanƙwasuwa: a kwantar da ita a kan baya, yatsu uku bayan allon kafaɗa, ta ɗauki siffar wurin, a zana ta a kwali, a rubuta kwanan wata. Wannan kwali shi ne abin da mai doki a Kafanchan zai aika wa mai sassaƙa sirdi a Kano ko Zariya maimakon ya ce a ba shi babba ko ƙarami. Masu sassaƙa da dukawa sun san aikinsu. Abin da ba a ba su ba shi ne awon dokin. In ɗaliban aikin gona na harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, tare da Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, suka riƙa ɗaukar irin wannan awo na dawakin gari da rani da damina, za a samu bayanin da masu sassaƙa za su riƙa aiki da shi, a kuma ga da ido yadda baya ke canzawa.

Kirana na ƙarshe ga masu riƙe da sarautun doki ne a Masarautar Jama'a da sauran masarautun wannan yanki, domin maganarsu ce ake ji a barga. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tsayar da rana, wata guda kafin kowace Sallah, da za a fito da dawakin hawa ba ado, likitan dabbobi da mai gyaran sirdi su duba kowanne da sirdinsa. Wata guda ya isa a yi wa ƙaramin miki magani, a gyara ice ko a canza shi, a kuma riƙa fita kilisa kullum don baya ya yi ƙarfi. Ku kuma samari masu kula da barga, ku ne kuke ganin bayan doki kowace yamma: in kun ga busasshen wuri cikin gumi ko kumburi a kafaɗa, ku faɗa wa maigida tun kafin a sake ɗaura sirdi.